Picolax ko lita 4? Muhawara kan maganin wanke hanji kafin kolonoskopi

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda aka taɓa yi wa gwajin kolonoskopi, wato wanda ake zura siririn bututu mai kyamara ta dubura don a duba babban hanji, da kuma ma'aikatan lafiya da ke cikin wannan zaure. Shekarata 54, ina da hawan jini, kuma kusan wata biyar ke nan ina ganin jini a bayan gida. Na yi ta shan maganin basir har jinina ya yi ƙasa, sannan likita ya ce babu makawa sai an leƙa an gani. Makon jiya aka shiga da ni, amma ba a kammala ba. Da na ɗan wartsake, likitan ya juyo da allon ya nuna mini hotunan da ya ɗauka: wani ruwa ne mai duhu kamar na kwata, da wani abu baƙi mai danƙo da ya manne a jikin hanjin, ta yadda ko ni da ban san aikin ba na gane cewa babu abin da za a iya gani a wurin. Kuɗin gwaji ya tafi, yunwar yini guda ta tafi a banza, kuma an sake sa mini rana nan da mako uku.

Picolax na sha, ƙunshi biyu, ɗaya da safe ɗaya da la'asar ana gobe za a yi gwajin, aka kuma shiga da ni wajen ƙarfe 10 na safe. Yanzu da na zaga shagunan magani na tarar akwai Picolax ɗin, akwai Moviprep, akwai kuma wani mai ƙunshi huɗu da ake jiƙawa a lita 4 na ruwa. Wanne ne ya fi wanke hanji a cikinsu? Ba na son in sake yin wahalar banza.

Maman Ikram:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ka lafiya, Malam. Ni mai lita 4 ɗin aka ba ni shekara biyu da suka wuce, kuma likita ya yaba da yadda hanjin ya fita tas, amma ba zan ɓoye maka ba, shan sa jarrabawa ce. Ka ƙiyasta ledar fiya wata takwas, sai dai ruwan ya yi santsi a baki, ga gishiri-gishiri, ga wani ƙamshi da aka saka don a ɓoye ɗanɗanon amma bai ɓoye komai ba. Lita ta farko da ta biyu sun wuce lafiya. A ta uku ne na fara tsayawa ina kallon kofin kamar wadda aka ba maɗaci. Abin da ya taimake ni shi ne na sa shi ya yi sanyi sosai, na riƙa sha da bututun shan lemo don kada ya taɓa harshe da yawa, ina kuma lasar lemon tsami tsakanin kofi da kofi.

Ɗan Damagaram:

Allah ya ƙara sauƙi. A nan Nijar wanda aka fi rubutawa shi ne Fortrans, na Faransa, kuma shi ma ƙunshi ɗaya ake narkawa a lita ɗaya. A takardarsa an ce lita ɗaya ga kowane kilo 15 zuwa 20 na nauyin jiki, shi ya sa babban mutum yake ƙarewa da lita 3 zuwa 4. Mahaifinmu da aka yi wa a Yamai shi ya sha, kuma duk da tsufansa bai jigata ba sai dai yawan zirga-zirga zuwa makewayi. Ina ganin ka nemi irinsa ka huta.

Likitan Ciki:

Allah ya ba ka lafiya, Abban Hanifa. Kafin a ɗora wa Picolax laifi, ina so ka amsa mini abubuwa uku ba tare da ka gyara labarin ba. Me ka ci a kwana uku na ƙarshe kafin gwajin, kuma me ka sha a ranar da aka ce kada ka ci abinci? Ruwa nawa ka sha bayan kowane ƙunshi? Sannan waɗanne magunguna kake sha kullum, har da na ƙarin jini, tunda ka ce jininka ya yi ƙasa?

Abban Hanifa:

Ranka ya daɗe, tunda ka ce kada in gyara, ga gaskiyar magana. Saura kwana biyu na ci tuwon masara da miyar kuka da daddare, domin na ɗauka cewa ranar jajibiri kaɗai dokar ta shafa. A ranar jajibirin aka ce mini abu mai ruwa-ruwa kawai, sai uwargida ta dama mini koko da safe, da rana na sha zoɓo mai sanyi, da yamma kuma kunun gyaɗa kofi ɗaya saboda jiri da na fara ji. Ruwa kuwa ban wuce leda uku ba duk yinin, domin ina tsoron in ƙara wa kaina gudawa. Magunguna akwai lisinopril na hawan jini, akwai wani ƙaramin ƙwaya mai sa fitsari, sai jan ƙwayar ƙarin jini da nake sha sau biyu a rana, kuma har safiyar jajibirin na sha ta, domin babu wanda ya ce in daina.

Likitan Ciki:

To, ai ka amsa tambayarka da kanka, kuma ba ka kaɗai ba ne, domin kalmar nan ta "ruwa-ruwa" ta ɓata mana gwaji fiye da a ƙirga. Abin da ake nufi shi ne ruwan da in ka zuba a kofin gilashi za ka hango yatsanka ta bayansa: ruwan sha, baƙin shayi ba madara, romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mansa, lemon kwalba marar launi, ruwan gishiri da sukari. Koko da kunu da fura abinci ne a wurin hanji, komai tsinkewarsu. Zoɓo kuma matsalarsa biyu, domin jan launinsa yana rina ruwan da ya rage a hanji har ya yi kama da jini, kuma kai jini ake nema a gano inda yake fitowa. Wannan baƙin abu mai danƙo da ka gani a allo kuwa kusan tabbas aikin ƙwayar ƙarin jini ne, domin sinadarin ƙarfen da ke cikinta yana mayar da bayan gida baƙi ƙirin mai manne wa bango, shi ya sa ake dakatar da ita kwana 5 zuwa 7 kafin gwaji. Wajibi ne a ce an gaya maka wannan tun ranar da aka sa maka rana.

Yanzu bari mu zo kan kwatancen da ka nema, domin magungunan ba hanya ɗaya suke bi ba. Mai lita 4, ko sunansa Fortrans ko Klean-Prep ko GoLYTELY na Amurka, tushensa wani sinadari ne da ake kira PEG ko makrogol, wanda hanji ba ya tsotse shi. An haɗa shi da gishirai daidai gwargwado ta yadda ruwan zai ratsa hanji ya share abin da ke ciki ba tare da ya janye ruwan jikinka ko ya ƙara masa ba. Tun 1980 ake amfani da wannan dabara, kuma har yau ita ce ake komawa gare ta idan mutum tsoho ne, ko ƙodarsa ta raunana, ko yana da ciwon zuciya ko na hanta. Aibinsa shi ne yawansa, kamar yadda Hajiya Maman Ikram ta bayyana.

Picolax da 'yan uwansa irin su Picoprep da CitraFleet dabararsu daban. Kowane ƙunshi ana narka shi a ruwa mililita 150 kacal, har za ka ji kofin ya ɗan yi ɗumi lokacin da kake juyawa, kuma ɗanɗanonsa na lemo ne mai daɗin sha. A cikinsa akwai fikosalfet mai tunzura hanji ya yi ta motsi, da magniziyam mai janyo ruwa zuwa cikin hanjin. Tambayar ita ce, daga ina wannan ruwan zai fito? Idan ka sha kusan lita biyu ko fiye na ruwa mai tsabta bayansa, kamar yadda takardarsa ta umarta, daga nan zai fito. Idan kuma leda uku ka sha, to daga jininka zai ɗiba, sai ka wayi gari da jiri da bushewar baki, hanjin kuma bai wanku ba. Saboda haka ƙanƙantar kofin yaudara ce, domin a ƙarshe ruwan da za ka sha bai yi ƙasa da na Moviprep sosai ba, sai dai kai ne kake zaɓar wanda ya yi maka daɗi.

Abin da ya fi damuna a labarinka ma ba wankuwar ba ce. Mutumin da ke shan lisinopril da maganin sa fitsari, ya sha Picolax, ya ƙi shan ruwa, a wannan zafin, ya ɗora wa ƙodarsa nauyi mai yawa, kuma gishirin jininsa na iya sauka har ya rikice ko ya yi jijjiga. Kafin a zaɓa maka kowane magani a wannan karon, ka roƙi likitanka ya yi maka gwajin ƙoda da na gishiran jini, ya kuma faɗa maka ko za ka tsallake waɗannan ƙwayoyin biyu a ranar wankin. Shi ya ga fayil ɗinka, ni ban gani ba, don haka kada ka dakatar da komai da kanka.

Baba Mai Ritaya:

'Ya'yana, ku yi haƙuri da tsoho ya sa baki. Mu da muka tashi ana wanke ciki da filasko da tsamiya, wani lokaci da ɗan man zurma, mun san cewa kafin azahar mutum ya zama fayau. Me zai hana wannan bawan Allah ya jiƙa filasko na kuɗi kaɗan maimakon ya kashe dubbai a kan garin Turawa da ma bai yi masa aiki ba?

Mai Haɗa Magani:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ba ta rasa tushe ba, domin filasko ɗan gidan ganyen sanna ne, kuma akwai ƙwayoyin sanna da likitoci kan ƙara a kan maganin wankin idan mutum mai taurin ciki ne. Bambancin shi ne ƙwayar an san awonta, shi kuwa garin da ake aunawa a kasuwa babu wanda ya san ƙarfin na yau da na gobe. Sannan abin da kuke kira fayau shi ne mutum ya ji cikinsa ya yi sakayau, shi kuwa likita yana neman ya ga tsiron da bai kai ƙwayar wake ba, wani ma a shafe yake da bangon hanji kamar tabo, kuma irin wannan tsiron ne yake rikiɗa ya zama sankara bayan shekaru. Filasko yana murɗa ciki ya fitar da mai kauri, amma ba ya ɗauraye bangon, ga kuma ɓurɓushin ganyensa da ke toshe bututun da ake zuƙe ruwa da shi. Wanda ya daɗe yana shan sa ma, bangon hanjinsa yakan rine ya yi duhu, likitoci suna gane shi da kallo ɗaya.

Tunda an taɓo batun kuɗi, bari in faɗi abin da muke gani a kanta. Idan waɗannan magungunan sun yi tsada ko sun yanke, wasu asibitoci sukan rubuta ƙwayar Dulcolax mai sa gudawa tare da gishirin Epsom ko man zurma, a bi da ƙarin ruwa ta dubura da safe. Yakan yi aiki ga matashi mai lafiyar ƙoda, amma gishirin Epsom cike yake da magniziyam, kuma ƙodar da ta raunana ba ta iya fitar da shi. Akwai kuma manitol, wani nau'in sukari da yake da araha, sai dai ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji suna ruɓar da shi su fitar da iska mai kama wuta, har aka samu rahotanni tun shekarun 1970 na hanjin da ya fashe lokacin da ake ƙone tsiro da lantarki. Wanda nake so kowa ya guje wa shi ne ruwan fosfet na sha, irin Fleet Phospho-soda. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi mai tsanani a kan magungunan wankin hanji na fosfet saboda lalata ƙoda, wani lokaci lalacewar da ba ta gyaruwa, kuma waɗanda suka fi shiga haɗarin su ne masu shan irin magungunan da Abban Hanifa ya lissafa, da masu yawan shan diclofenac ko ibuprofen. Idan wani ya miƙo maka shi yana cewa ɗan kaɗan ne ba wahala, ka mayar masa.

Likitan Ciki:

Na gode da wannan ƙarin. Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba, kuma a ganina ya fi sunan maganin muhimmanci, wato lokacin shan sa. Abban Hanifa ya sha ƙunshi na biyu da la'asar, aka shiga da shi ƙarfe 10 na safe, kusan awa 18 ke nan. Ko da hanjin ya wanku tas da magariba, ƙaramin hanji ba ya barci: duk daren yana turo ruwan maɗaciya da majina zuwa farkon babban hanji da ke gefen dama, su bushe su lulluɓe bangon, kuma a wannan gefen ne tsiro mai shafe ya fi ɓuya. Shi ya sa ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Turai, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce a raba maganin biyu, rabi da daddare rabi da safiyar gwajin, a fara kashi na biyu cikin awa 5 kafin a shiga, a kuma gama shi aƙalla awa 2 kafin lokacin. Da za a ba ni zaɓi tsakanin lita 4 da aka shanye jiya da Picolax da aka raba daidai, zan ɗauki na biyun ga mai lafiyar ƙoda.

Anti Nas:

Likita, da girmamawa, a nan zan ɗan saɓa maka, domin mu ne muke karɓar marasa lafiyar a ƙofa. Wannan tsarin an yi shi ne don mutumin da gidansa ke kusa da asibiti, yana da mota, yana da makewayi a cikin ɗakinsa. Mu kuwa mai zuwa daga ƙauye yakan baro gida da asuba a motar haya, ya yi awa uku a hanya, kuma ka ce ya sha lita biyu kafin ya hau? Na taɓa karɓar wani dattijo da ya iso a kunyace, ɗansa yana riƙe da ledar kayan da ya canza a bakin hanya, kuma da kyar muka rarrashe shi ya yarda a yi gwajin. Ban da haka, masu ba da maganin barci a wurinmu sun saba da cewa daga sha biyun dare ba ci ba sha, kuma in suka ji mutum ya sha wani abu da asuba sai su ce a ɗaga. Saboda haka muke ce wa mutane su gama komai da daddare, ba don ba mu san ƙa'idar ba.

Likitan Ciki:

Anti, abin da kika faɗa gaskiya ne, kuma ban raina shi ba. Sai dai dattijon da aka tsare wa mutunci a hanya, aka duba shi da hanjin da bai wanku ba, aka ce masa babu komai alhali akwai, an yi masa illar da ta fi ta ledar kaya. Mafita tana wurin wanda ke rubuta rana. Mai zuwa daga nesa a gaya masa ya kwana a gari wurin 'yan uwa, ko a sa shi a layin bayan azahar, ya iso da wuri ya sha kashi na biyu a harabar asibiti kusa da makewayi. Wanda aka sa wa yamma ma yana iya shan maganin duka a safiyar ranar. Batun masu maganin barci kuwa, ƙa'idarsu da kansu ta yarda da ruwa mai tsabta har zuwa awa 2 kafin a kwantar da mutum, domin ruwa ba ya daɗewa a tumbi kamar abinci. Zama ɗaya za a yi da su a daidaita takardar da ake ba marasa lafiya. Tashin ƙarfe 4 na asuba kuma ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suke tashi sahur wata guda cur.

Anti Nas:

Na yarda da batun layin yamma, kuma zan kai maganar gaba. Abin da zan ƙara wa Abban Hanifa daga ɓangarenmu shi ne ya tanadi ruwan buta isasshe da man Vaseline tun kafin ya fara, domin bayan zuwa na goma wurin yakan yi zafi, kuma in gidan haya ne mai makewayi ɗaya ya sanar da maƙwabta. Alamar cewa an gama ita ce abin da ke fita ya zama ruwa garau mai ɗan rawaya kamar fitsari, babu gudaji babu ɓurɓushi. In ya ga har lokacin tafiya ruwan ƙasa-ƙasa ne, ya faɗa mana kafin a kwantar da shi. In kuma cikinsa ya kumbura ya yi tauri, yana amai, babu abin da ke fita, ya dakata da sha ya zo asibiti nan take, domin toshewar hanji ba a tura mata ruwa.

Yaya a Ingila:

Allah ya ba da lafiya. Babu wanda ya yi maganar Moviprep sosai, kuma shi aka ba ni a karon farko a nan. Shi ma PEG ne, amma an ƙara masa bitamin C mai yawa, wanda ya sa lita 2 ta wadatar, kowace lita ana haɗa ta da ƙunshi A da ƙunshi B, a bi ta da rabin lita na ruwa. A karo na biyu Plenvu aka ba ni, wanda gaba ɗayansa lita 1 ne, rabin lita sau biyu, shi ma ana bin kowanne da rabin lita na ruwa. Ban ji daɗinsa ba ko kaɗan, domin an matse gishirin da zaƙin a wuri ɗaya har ya yi kauri, kuma kashi na biyu sai da ya tayar mini da zuciya. A Amurka ma akwai na ƙwaya mai suna Sutab, guda 24, sha biyu da daddare sha biyu da safe, amma shi ma da ruwa mai yawa ake kora shi. A ganina Moviprep ne tsaka-tsaki.

Mai Haɗa Magani:

Yaya, tsaka-tsaki ne, amma akwai sharaɗin da ya shafe mu fiye da Turawan da kike zaune cikinsu. Wannan bitamin C mai yawa da ke cikin Moviprep da Plenvu yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ga mai ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ke kare waɗannan ƙwayoyin, kuma takardun magungunan biyu sun yi gargaɗi a kai. Wannan ƙarancin gado ne da ya yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ya kuma fi bayyana ga maza, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Duk wanda ya taɓa shan wani magani idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa. Mutumin da jininsa ya riga ya yi ƙasa kamar mai tambayar nan, ni dai ba zan miƙa masa Moviprep ba sai na ga sakamakon wannan gwajin.

Maman Ikram:

Ni fa har yanzu ina da ja a kan yadda ake fifita lita 4 ɗin, duk da cewa ni ya yi mini aiki. Ƙanwar mijina da aka ba irinsa ta amayar da rabinsa, ta ɓoye sauran a bayan randa, ta ce wa likita ta shanye. Likita, maganin da ba a iya shanyewa, ina amfanin ingancinsa?

Likitan Ciki:

Hajiya, babu amfani, kuma shi ya sa ga mutum mai ƙoshin lafiya da ba shi da taurin ciki ba na dagewa a kan lita 4, domin masu ƙaramin awon suna wankewa daidai da shi idan an raba su an kuma sha ruwan da aka ce. Amma raba shi biyu yana rage wannan matsalar ƙwarai, tunda lita 2 da daddare da lita 2 da asuba ba ɗaya suke da lita 4 a zama guda ba. In zuciya ta tashi, a dakata rabin awa a zaga tsakar gida sannan a ci gaba a hankali, kofi ɗaya kowane minti 10 zuwa 15, kuma likita na iya ba da maganin hana amai tun farko. Ga wanda wankinsa na farko ya gaza, yana kuma shan magungunan da ke taɓa ƙoda, ni lita 4 a rabe zan karkata gare shi. Masu ciwon sukari da masu shan maganin tsinka jini irin warfarin ko clopidogrel kuma lissafinsu daban ne, su zauna da likitansu tun saura mako guda.

Abban Hanifa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na koma wurin likitana da waɗannan tambayoyin a rubuce. An yi gwajin ƙoda, ya ce ta ɗan taɓu kaɗan, wataƙila saboda abin da ya faru, don haka ya cire Picolax daga lissafi ya rubuta mai lita 4 a rabe, da ƙwayar Dulcolax biyu kafin nan. Na ajiye ƙwayar ƙarin jini tun yau. Ya ce kwana uku kafin ranar in bar kuka da kuɓewa da zogale da wake da gyaɗa da riɗi da aya da gwaba da kankana, in tsaya kan farar shinkafa da farin burodi da ƙwai da kifi. Baba, na ajiye filasko sai wani jiƙon.

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum, na dawo da labari kamar yadda na yi alkawari. Jiya aka yi. Na fara lita 2 na farko bayan sallar isha'i don kada in yi ta sabunta alwala, ban samu kwanciya ba sai wajen sha biyu da rabi. Ƙarfe 5 na asuba na tashi na fara sauran, kuma da yake babu wuta, a cikin bokitin ƙanƙara uwargida ta ajiye mini gorunan. Hajiya Maman Ikram, lemon tsamin nan ya yi rana, domin kofi uku na ƙarshe da shi na tura su. Na gama ƙarfe 7, aka shiga da ni ƙarfe 10.

Wannan karon da likitan ya juyo da allon, bangon hanjin fes yake, har jijiyoyin jini ana gani kamar saiwar ganye. A takardar ya rubuta maki 8 cikin 9 a ma'aunin Boston, ya bayyana mini cewa ana raba hanjin kashi uku a ba kowanne maki daga 0 zuwa 3, kuma gefen dama ne ya samu 2. Basir ɗin yana nan, amma ya kuma samu tsiro biyu, ɗaya mai ɗan siririn wuya a gefen hagu wanda yake zaton shi ke zubar da jinin, ɗaya kuma ƙarami a shafe can gefen dama. Ya cire duka biyun an aika ɗakin gwaji, sakamako sai nan da mako biyu. Ina roƙon addu'arku.

Likitan Ciki:

Allah ya sa sakamakon ya zo da sauƙi. Idan ya fito, ka tambayi likitanka shekara nawa za a jira kafin a sake dubawa, domin irin tsiron da girmansa ne ke yanke wannan, ka kuma tambaye shi ko 'yan uwanka na ciki ɗaya suna bukatar a duba su. Ka adana takardar nan mai maki 8 tare da sunan maganin da lokutan da ka sha shi, ka tafi da ita ranar da za a sake. Ka kuma tambaye shi ranar da za ka koma kan ƙwayar ƙarin jinin, da ranar da za a maimaita gwajin ƙodar.